Rasuwar Baba Kashe-Wuta, Mai Kula da Lantarkin Makarantunmu

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Hukumar Kula da Makarantun Gwamnati ta wannan yanki, a madadin Mai Girma Shugaban Hukuma, da mambobinta masu daraja, da shugabannin makarantu ashirin da huɗu da ke ƙarƙashinta, da malamai da ma'aikata da ɗalibai na da da na yanzu, ta karɓi labarin rasuwar dattijonmu, tsohon Babban Jami'in Kula da Lantarki da Gine-ginen Makarantu, wanda manya ke kira Injiniya, yara kuwa da duk wanda ya taɓa zama a kan bencin makarantunmu suka fi sani da Baba Kashe-Wuta. Allah ya yi masa rasuwa ranar Litinin da hantsi, a gidansa, bayan jinya ta 'yan makonni, yana da shekara sittin da tara a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya shigo wannan hukuma shekara talatin da huɗu da suka wuce a matsayin ƙaramin mai gyaran wuta, yana yawo tsakanin makarantu a kan keke, akwatin kayan aikinsa na ƙarfe ɗaure da roba a baya, testa ta gwada wuta kuma maƙale a aljihun gaba. Waɗanda suka daɗe a cikinmu ba za su manta da ofishinsa ba, wani ɗan tsukukun ɗaki a bayan ma'ajiyar alli da rajista, bangonsa duk ƙusoshi rataye da naɗin waya, ƙasansa kuma jibge da matattun fankoki da bai taɓa yarda a zubar ba, domin daga matattu uku yakan tayar da guda ɗaya mai rai. Laƙabinsa ya samo asali ne daga wata ɗabi'a da ya ƙi bari har ya yi ritaya: in ya wuce aji lokacin tara ya tarar ba kowa, ga fitila a kunne, ga fanka tana ta juyawa, sai ya shiga ya kashe, ya ɗauki alli ya rubuta a kusurwar allo, "Wa ake yi wa fifita?" Malamai sun sha jin haushin wannan rubutu, yara kuwa suka laƙa masa suna, shi kuma ya karɓa da hannu biyu. Sunan Injiniya ne bai taɓa yi masa daɗi ba. Yakan ce, "Injiniya takarda gare shi, ni filaya gare ni."

Hukuma ba za ta cika gaskiya ba in ta yabi marigayi ba tare da ta faɗi yadda ta fara karɓar shawararsa ba. Shekara goma sha tara da suka wuce an yi wani zafi da har yau ake ba da labarinsa. Wuta ba ta zuwa sai jefi-jefi, janaretocin makarantu suna shan mai kamar ba gobe, yara suna sumewa a aji da zarar rana ta take. Hukuma ta zauna ta tsai da shawarar daga wata mai kamawa a riƙa tashin ɗalibai ƙarfe goma sha biyu, a rufe ɗakunan kwamfuta, har sai an samu halin sayo manyan janaretoci, alhali saura wata uku 'yan ajin ƙarshe su zauna jarrabawa. Ana cikin wannan zama marigayi ya turo ƙofa, ba wanda ya gayyace shi, riƙe da takarda da ya yi wa zane da fensir. Ya gaida kowa, sannan ya dubi Shugaban Hukuma na wancan lokaci ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a sayo injin korar zafi, a fara hana zafin shigowa." Abin da ya nema shi ne a shafe kwanon rufi da farin fenti, a huda ƙananan tagogi can sama kusa da rufi don iska mai zafi ta samu hanyar fita, a dasa itatuwa a yammacin kowane gini, a kuma sauya tsofaffin ƙwayayen fitila da waɗanda ba sa cin wuta. Aka yi dariya, wani mamba ya tambaye shi ko ya koma sana'ar fenti ne, aka yi masa godiya aka sallame shi.

Bai yi gardama ba. Ranar Asabar ya kwashi bokitin fenti huɗu da aka ajiye don gyaran ofishin hukuma, ya ɗauki tsani, ya hau rufin wani aji a makarantar da ke bayan tashar mota, ya shafe shi fari fat, ya fasa tagogi uku a saman bango. Ranar Litinin aka ba shi takardar tuhuma kan taɓa kayan hukuma ba da izini ba, kuma mai sa hannu a wannan saƙo, wanda a lokacin yake ƙaramin jami'in mulki, shi ne ya rubuta ta ya kai masa har ofis. Amsarsa layi biyu ce: ya amsa laifinsa, yana kuma roƙon wanda ya kawo takardar ya zo ƙarfe biyu na rana ya zauna minti goma a ajin da aka shafe, minti goma a na kusa da shi. Na je. A aji na farko na zauna har minti goman suka cika ban sani ba, malama tana koyar da lissafi, yara suna ɗaga hannu. A na biyu ban kai minti huɗu ba rigata ta manne a bayana, rabin ajin sun kifa kai a kan tebur. Marigayi yana tsaye a bakin ƙofa da ma'aunin zafi guda biyu a hannu, ɗaya daga kowane aji, ya miƙo mini su. Bambancin digiri shida ne. A makon nan aka janye tuhumar, aka kuma janye shawarar tashin yara da tsakar rana, 'yan ajin ƙarshe suka gama karatunsu suka zauna jarrabawa a kan lokaci.

Daga wannan aji guda aikin ya bazu. A cikin shekara goma sha biyar da suka biyo baya, marigayi ya jagoranci shafe rufin dukkan makarantunmu, da dasa itatuwa fiye da dubu biyu, kowane aji da nasa da yake ba ruwa, sannan da aka samu farantan sola shi ya hau ya kafa na farko da hannunsa. Ya dage kan cewa kowace makaranta sai ta samu mutum ɗaya na cikinta da ya iya wanke farantan, ya duba batir, ya gane in waya ta saki, kuma bai nemo su daga nesa ba, masu gadi da masu shara ya tara ya koya wa. Ɗaya daga cikin matan da suka fara da tsintsiya a hannunsa ita ce ke shugabantar wannan sashe a yau. Tsofaffin malamai sukan ce abin da suka fi tunawa shi ne ranar da aka daina kunna janareta, suka ji muryar yaran da ke bencin baya ba tare da sun ce a ɗaga murya ba.

Ba mu ce marigayi mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Yana da faɗa, ba ya ɓoye abin da ke ransa, kuma ofishin Mai Girma Shugaban Hukuma ma bai tsira ba, domin sau da dama an dawo daga taro an tarar an kashe na'urar sanyaya ɗaki an bar 'yar takarda a kan tebur. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, amma duk wanda ya yi wa faɗa yau, gobe zai gan shi ya zo yana tambaya ko akwai dutsen guga ko rediyo da ya lalace a gida.

Hukuma tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Hajiya, wadda ta shekara arba'in tana wankin rigunan da maiƙo da fenti suka ɓata ba ta gaji ba, da 'ya'yansa shida, da jikoki goma sha ɗaya, da ƙannensa, da dukkan dangi da maƙwabta. Babbar 'yarsa ta ba mu dariya a tsakiyar hawaye da ta ce fankar falonsu ta taɓa yin wata uku a mace, kullum Baba yana cewa sai ya gama da ta makaranta. Mun san lokacin da ya ba mu daga naku aka ɗiba, kuma muna godiya.

Da tawagar hukuma ta je gaisuwa, Hajiya ta shaida mana cewa a kwanakinsa na ƙarshe, duk da ya shekara huɗu da ritaya, wani tsohon mai gadi ya zo dubiya ya ambata masa cewa famfon sola na makarantar da ke ƙetaren gada ya tsaya, yara suna zuwa da ruwa a gora daga gida. Tun daga ranar, in ji ta, duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi, "An gyara?" Har safiyar Litinin amsar ita ce a'a, kuma wannan jinkiri namu ne, ba na kowa ba. Jiya Laraba shugabar sashen da ma'aikatanta suka yini a can, kafin a tashi ruwa ya hau tanki, yara suka yi layi suka sha. Hajiya, an gyara.

Allah ya jiƙan bawansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sanya kowace inuwa da ya dasa a mizaninsa, ya ba iyalansa da mu duka haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Amin.

Sa hannu,
Sakataren Hukuma kuma Mai Magana da Yawunta,
a madadin Mai Girma Shugaba da Mambobin Hukumar Kula da Makarantun Gwamnati.