Tsutsar kajina ce a tuwon Goggo

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni ɗaliba ce a lise, wato sakandare, muna zaune a Zongon Kwatano. Tun da gwamnatin juyin juya hali ta ce kowace lekol, wato makaranta, ta yi noma da kiwo, aka koya mana kiwon tsutsa a cikin dusa don kaji. Na ɗebo kaɗan a gwangwani, na zuba a tsohon daro da dusa da ɓawon doya, na ɓoye a mangaza, ɗakin ajiyar gidanmu, bayan buhunhuna, don Baba ba zai yarda da tsutsa a gidansa ba. Kajina biyar suka yi ƙiba, ƙwai ya yawaita, ba wanda ya tambayi dalili.

Malaminmu ya gargaɗe mu: "Kamarad, ku ba kaji tun tana tsutsa, kuma kada daro ya zauna a buɗe." Amma ni da na ga waɗansu sun daina motsi, sun yi fari sun naɗe kamar jarirai a zane, sai na kasa. Na so in ga abin da za su zama in sun farka. Har tsumman da na rufe su da shi na janye, wai su sha iska. Wace irin wauta ce wannan? Sun farka kuwa, ƙwari baƙaƙe masu ƙafa, suka bi buhun da ke jingine da daron suka fice, ashe sun zuba ƙwai a cikinsa.

Buhun garin masara ne, na wata dattijuwa da ke haya a gidanmu, zan kira ta Goggo. Tun rasuwar mijinta, tuwon da take sayar wa direbobi a ƙofar gida shi ne abincinta da sutturarta. Makon jiya wani direba ya gutsuri malmala ya ɗago tsutsa a gaban jama'a, ya ce, "Goggo, yau har da nama kyauta?" Aka yi dariya. Kafin la'asar magana ta kai kasuwar Misebo, washegari delege, wato mai unguwarmu, ya ce ta sauke tukunya sai an bincika. Lokacin da direban ya ɗago ta ina tsaye da jakar lekol, na gane tsutsata, na sulale na shiga gida. Na kwashe daron na juye wa kaji, na wanke shi tas, kamar wanki zai goge abin da na yi.

Yau kwana tara bencinta babu kowa. Ba na fahimtar karatu, ba na iya zama wuri ɗaya. In na faɗa, da wane ido zan dubi matar da ke ajiye mini ƙanzo tun ina yarinya? In na yi shiru, wa zai wanke ta, alhali ita kanta ta fara cewa ko idonta ne ya tsufa?

Jiya ta jawo buhun har bakin akurkin kajina. Ta ce, "'Yar lekol, ɗauki ki ba kajinki. Su dai ba sa ƙyamar abincina."

Na ce, "Na gode, Goggo." Abin da na iya faɗa ke nan. Buhun yana nan, ban taɓa shi ba.

Me zan yi?