Igwar Katako

Luwiziyana, 6 ga Satumba, 1941

Zuwa ga matata Lorene,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba. Yaya ciwon ƙafarsa? Ni lafiya lau, ban da sauro da ruwan sama da suka sa mu gaba.

Lorene, na tafka abin kunya, kuma ke kaɗai za ki fitar da ni. Kin tuna katin nan mai hoto da na aiko wa Baba, mai sojoji huɗu durƙushe bayan igwar harbin tanka? A kantin bariki na saye shi. Kowa a nan haka yake yi: ya zaɓi soja ɗaya da ya juya baya, ya yi masa alama da alƙalami a ka, ya rubuta "ga ni nan". Ni ma na bi sahu. Ban san mutumin ba, ban ma san a wane bariki aka ɗauki hoton ba.

Gaskiyar magana, igwoyinmu ba su iso ba. Abin da muke atisaye da shi gungumen itace ne a kan tayoyin tsohuwar mota, an rataya masa allo an rubuta "igwa". In tanka ta tunkaro, saje ya ɗaga tuta, mu yi ƙarar harbin da baki. Ƙarti huɗu fa, masu iyali.

Yanzu kin rubuto cewa Baba ya manna katin a madubin shagon askin Homer, wanzamin garinmu, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa, har ya yanki tikitin jirgin ƙasa zai zo ya gani da idonsa. Mutumin da bai taɓa yafe ƙarya ba! Tsoro nake ji, wallahi. Don Allah ki hana shi. Ki ce likita ya hana, ki ce komai ma.

Naki har kullum,
Delbert

21 ga Satumba, 1941

Lorene tawa,

Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Kin kyauta! Na ce ki hana Baba zuwa, sai kika soya masa kaza ta guzuri.

Ran Lahadi ya iso, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana ɗingishi. Ko ruwa bai sha ba ya ce mu je wurin igwa. Na so in ce an kulle ta, bakina ya ƙi. Na kai shi bayan tantuna, na yaye tamfol. Abokan aikina duk suka sulale, har Vernon sarkin surutu.

Ya zagaya ta sau biyu. Ya ƙwanƙwasa gungumen, ya ce ko wane ne ya fere shi bai san aikin itace ba. Ni dai kaina a ƙasa, na faɗa masa komai, ina jiran saukar faɗa. Sai ya zauna a kan tayar, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo.

"Shekara goma sha biyar ina yi maka aski a bayan gida," in ji shi, "sai in kasa gane ƙeyarka? Tun ranar da katin ya zo na san ba kai ba ne."

Na tambaye shi, to me ya sa ya yi ta nuna wa mutanen gari?

"Tunda aka haife ka ba ka taɓa aiko min da takarda ba sai wannan."

Lorene, na yi kuka a gaban tsohon nan kamar ba soja ba, kuma bai hana ni ba. Jirginsa zai iso Alhamis da hantsi, ki je tasha ki taro shi, don ƙafar ta kumbura sosai.

Ki gaishe min da mutanen gida.

Mijinki mai ƙaunarki,
Delbert