Yaya Manzo, Ɗakin Inna Na Jiran Yaɓe

Da sunan Allah mai rahama. Daga ƙaninka Haruna zuwa ga Yaya Manzo, a ƙasar Taliyan ko duk inda takardar nan ta same ka. Gaisuwa da bangirma. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a allo ba.

Bana na baro Garagumsa na shigo birnin Damagaram, ina ɗora tubali a ganuwa. Har yanzu ɓacewa nake a lungu. Na ɗauka ba ginin da ya fi wannan a duniya, sai Bukar, Babarbaren nan na ayarinku, ya dawo daga Tarabulus da labarinka.

Ya ce ka haye Bahar Rum da Balaraben da kake wa dakon gashin jimina, har kun kai wani gari Firanza. Wai ka shiga ɗakin ibadar Nasara na dutse fari da kore, da ƙubba ta jan bulo wadda ba azara ko guda a cikinta. Wai ka ɗaga kai kana kallo har hularka ta faɗi. Wai a gidan sarakunansu an zana mutane a rufi suna yawo cikin gajimare, ƙofar kuma ta tagulla ce.

Mutane suka yi ta sa maka albarka. Ni na tashi na koma wurin kwaɓi, na taka ƙasa har ƙafata ta yi jini.

Yaya, ni ne mai son ginin nan. Kai gudun kwaɓi kake, Baba ya bi ka da tsumagiya. Ni na iya ɗaurin bakan gizo na rufin soro tun ban yi gemu ba. To don me kai Allah ya nuna wa ƙubbar? Na tabbata ba ka ko tambayi yadda suka ɗaura ta ba. Na tambayi Bukar ina suka kafa dogarin da ke tokare ta, ya ce ba ka faɗa ba. Ka je har can, Yaya, ka aiko da labarin hula.

Ya ce akwai wata hasumiya da ta karkata, ana zuwa kallonta. Da mu muka yi wannan, ka san abin da Baba zai yi mana.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne da Bukar ya ce ginin can ba ya son yaɓe. Damina ta zo ta wuce, ba mai taɓa shi. Ban gane ba. Mu yaɓe ke tara mu. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce duk inda ɗansa yake, ya zo gida kafin ruwan fari. Garin da bango ba ya neman hannun kowa, me zai tuna maka da namu?

Ka tuna shekarar tafiyarka, kai ka shafe bangon gabas na ɗakin Inna, sawun yatsunka duk ya fito. Tun daga nan ta hana a taɓa gefen. Ina yaɓe ko'ina in tsallake nan. In ta idar da salla takan dafa wurin kafin ta miƙe.

Yanzu bangon ya tsage, har haske na shiga. Ba zai kai ƙarshen wata damina ba, kuma a gindinsa take kwana.

Ina jin haushinka, ina kuma jin haushin garin da ya riƙe ka. Ka zo, ko ba ka san yadda aka ɗaura ƙubbar ba. Na leƙa Garagumsa na tara ƙasa, na jiƙa makubar yaɓe. Zan jira har hadarin fari ya taso. In ban gan ka ba, dole in shafe hannunka da nawa, Inna tana kallo.

Allah ya tsare ka daga ruwan teku, ya juyo da fuskarka gida kafin namu ruwan ya sauka. Amin.

Ƙaninka mai taka maka kwaɓi,
Haruna