Hular Hadiza a Kan Zaki

Jidda, daren Alhamis, cikin Sha'aban

Ina wanke-wanke a gidan aikina na unguwar Abhur saƙon Maryam ya shigo, ƙawar marigayiya 'yata Hadiza. Yau 'yan ajinsu suka gama jami'a can Najeriya. Ta turo hoton zakin ƙarfen nan na bakin ƙofar makarantar, wanda duk mai gamawa ke ɗora wa hularsa a ɗauke su hoto. Sun ɗora masa hula guda, ba kowa a gefensa. Ta rubuta, "Mama, wannan ta Hadiza ce."

Na tuna ranar da ta ce mini a waya ɗalibai na shafa ƙafarsa ta dama kafin jarrabawa. Na yi mata faɗa, na ce gunki ne. Ta yi dariya ta ce, "Halas, ya isa haka, Umma, wasa ne fa. Ranar gamawa sai kin tsaya kusa da shi, ko kina harararsa."

Ban je jana'izarta ba, yau ma ban je ba. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta mutu, in na fita ba dawowa, ga ƙannenta biyu a nan.

Na ƙara girman hoton. Duk jikin zakin baƙi ne, ƙafar nan kaɗai ke ƙyalli saboda yawan shafa. Har da hannun 'yata a ciki. Na goge kumfa a zanena, na ɗora yatsa a wurin, na daɗe ban ɗauke ba.

Ya Allah, Ka san ba zaki na shafa ba. Ka jiƙan Hadiza.