Kun Tambaye Mu Game da Malam, Ba Ku Tambaye Mu Game da Dutse Ba

Zuwa ga Daraktan Sashen Karatun Ƙarshen Mako,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ranka ya daɗe, ni ɗalibinka ne a shekarar ƙarshe. Ina zaune a Mpape, ina aikin tsaron ƙofa a wani wurin fasa dutse. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda na gaji da zaryar ofishinka, inda kullum sakatare ke ce mini oga yana mitin. Sunana yana cikin waɗanda aka hana zama jarrabawar wannan zango, wai ban cika halartar darasi ba. Idan ta wuce ni sai na maimaita shekara, kuma wallahi ba ni da sauran ƙarfin da zan maimaita.

Na farko. Da muka shiga makarantar nan, tsarin rabi da rabi ne: ranar Asabar a aji, sauran darussa ta intanet. Da wahala, amma muna lallaɓawa, domin abin da ya kuɓuce mana a waya mukan cim masa ranar Asabar. Bana kuka soke ajin Asabar, kuka mayar da komai kan waya. A sanarwarku kun ce ra'ayin ɗalibai kuka bi, wai mun nuna gamsuwa. Gaskiya ne mun nuna, har da ni. Amma ka duba abin da kuka tambaya: ko mun gamsu da malami, ko yana zuwa a kan lokaci, ko ya san darasinsa. Malamin da ke koya mana lissafin kasuwanci dattijo ne, sa'an mahaifina, kuma yana koyarwa tsakaninsa da Allah. Ni da aka rena a kan cewa ba a kushe malami, da wane hannu zan danna cewa ban gamsu da shi ba? Duk ajinmu haka muka yi. Mun yabi mutum, ku kuma kuka ɗauki yabon kuka yafa wa manhajarku ta waya.

Na biyu. Ga abin da ba ku tambaya ba. A ɗakina sabis ba ya shiga, ko kiran waya sai na fito tsakar gida. Wurin da intanet ke kamawa sosai shi ne saman wani dutse da ke bayan unguwarmu, dab da wurin aikinmu, nan nake hawa da littafina in zauna. To, lokacin da kuka tsayar na darasi ya yi daidai da lokacin da ake tayar da nakiya a wurin aikinmu. Da jiniya ta yi kuka dole kowa ya sauko, ni da kaina nake koro mutane idan ina bakin aiki. Kafin ƙura ta lafa in sake hawa, manhajarku ta rubuta cewa ban zo ba. Na'ura ba ta san jiniya ba, ban kuma ga laifinta ba. Ku da kuke da kunne nake yi wa magana.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Akwai wata baiwar Allah a ajinmu, Maman Joy, daga Ushafa, mai ginin tukwane. Ta fi mu ƙoƙari duka, ita ke yi mana bitar darasi ranar Asabar kafin malam ya shigo. Da aka soke ajin ta yi ta fama da ƙaramar wayarta har ta haƙura ta bar karatun. Tana bari kuka rufe shafinta, saboda haka tambayoyinku ba sa isa gare ta. Wanda tsarin ya kora ba a jin bakinsa, sai wanda ya rage, shi ma sai mai sabis a ɗaki. In haka ne, kowace shekara za ku riƙa samun sakamako mai daɗin karantawa, ajin kuwa yana ta raguwa.

Roƙona ba shi da yawa. A dawo da ajin Asabar, ko da sau biyu ne a wata. A riƙa naɗar darasi a ajiye mana, wanda ya saurara daga baya a lissafa shi cikin mahalarta. A raba tambaya game da malami da tambaya game da tsari, a kuma turo wani ya zauna da mu baki da baki, ba tare da malaminmu yana wurin ba. A nemi waɗanda suka bari a ji dalilinsu. Sannan a sake duba sunana kafin ranar jarrabawa.

Jiya saƙonku ya sake shigowa, kuna neman ra'ayinmu kan wannan zangon. Na hau dutsen don in amsa, sai shafin ya nuna mini cewa ɗaliban da aka amince su zauna jarrabawa ne kaɗai za su iya shiga. Na ɗan zauna a wurin, sannan na sauko na nemi takarda. Wannan ce amsata, ranka ya daɗe.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya sa 'ya'yanka su sami mai saurarensu a duk inda suke karatu.

Wassalam.

Naka ɗalibi,
Sani, daga Mpape.