Kwaɗon da Ba a Ɓalle Ba

Sabo, Badun
14 ga Maris, 1960

Zuwa ga mahaifina, Malam Mode Tela, Boɗinga.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya, da Inna, da dukan mutanen gida. Yaya zafi? Ni dai alhamdu lillahi, ɗinki yana tafiya.

Takardarka ta iso. Na ji an ɗauke kan keken ɗinkinka a shago, keken da ka ciyar da mu da shi shekara ashirin. Ranar ban iya taɓa allura ba.

Baba, bari in ba ka wani labari, za ka ga inda na nufa. Maigidana Alhaji Tukur ya sayi wani akwati da ake kira talabijin, majigi ne sosai amma cikin ɗaki. Kowace Alhamis bayan magariba ana nuna wasan wani ɗan sandan ciki Bature, wani akawu maƙwabcinmu yana fassara muna. Mutumin ba ya duka, ba ya tsawa, ba ya sa kowa rantsuwa. Tambaya kawai yake yi, ya haɗa wannan da waccan, sai ka ga mai laifi ya sunkuyar da kai. Kuma kusan kullum na gida ne, wanda ba a zato.

Shi ya sa na zauna na auna maganarka. Ka ce ba a ɓalle kwaɗo ba, ke nan da makulli anka buɗe. Ka ce kan kawai anka kwance, anka bar ƙafafun, ke nan wanda ya san keke ne. Makulli biyu ne, ɗaya wurinka, ɗaya wurin abokin aikinka Baba Arzika. Na san zamanku ya fi shekaruna, bakina ma ya yi nauyi. Amma ka sa mishi ido.

A gaida Inna ƙwarai.

Ɗanka,
Mijinyawa

Sabo, Badun
2 ga Mayu, 1960

Zuwa ga mahaifina.

Gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta Inna. Allah ya ƙara maka haƙuri da ni.

Direban da ya kawo albasa daga Shagari ya ba ni labari duka. Wallahi ban tuna cewa ba ka iya karatun boko ba. Ban kawo a raina cewa malamin haraji za ka miƙa ma takardar ranar kasuwa ba, ya karanta da ƙarfi, Baba Arzika yana zaune gefenka yana sa maɓalli a riga. An ce Baba Arzika ya gama sa maɓallin, ya ciro makulli daga aljihu ya aje kan tabarma, ya sa takalmansa. An ce kafin sati mutane sun daina ba shi ɗinki, har a masallaci anka riƙa janye jiki, sai ya kwashe kayansa ya koma Dandin Mahe wurin ɗiyarsa Shatu.

Sannan ga abin da ya fito. 'Yan doka sun kama waɗansu baƙi uku a hanyar Sakkwato da kawunan keke biyar, har da naka, kuma sun faɗi da bakinsu cewa jinka sunka ɗage sunka shiga ta sama.

Ka aiko cewa akwatin Nasara ya ɓata ni. Na yi ta tunani, ba duka laifin akwatin ba ne. Ɗan sandan nan ba ya yanke magana sai ya je wurin da ƙafarsa, ya durƙusa, ya duba ƙasa, ya duba sama. Wannan shi ne abin kirkin da ke cikin wasan, shi kuma na bari. Ni daga Badun na yi nawa binciken, ina zaune kan keke.

Amma akwai inda wasan ya cuce ni. A kowane sati sai an zargi mutum biyu ko uku kafin a kai ga mai laifi. Da an wanke su, shi ke nan, ba a sake nuna su. Ba a nuna mutum ya koma unguwarsu, ba a nuna yadda maƙwabta ke kallonsa, ko abin da zai ce ma iyalinsa. Sai kiɗa ya tashi, mu watse muna yaba wayon Bature. Na ɗauka zargi abu ne da ake cirewa kamar riga.

Ka ce ka je Dandin Mahe sau biyu, Baba Arzika ya tarbe ka, ya ba ka ruwa, amma ya ce ya bar ɗinki. Na raba ka da abokinka, Baba. Ka ba ni izini in rubuta mishi.

Ɗanka mai neman gafara,
Mijinyawa

Sabo, Badun
20 ga Yuni, 1960

Zuwa ga Baba Arzika, Dandin Mahe, ta hannun Shatu.

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Yaya jiki, yaya damina? Allah ya sa shuka ta kama. Ina gaida Shatu da maigidanta.

Saƙonka ya iso ni. Shatu ta ce da anka karanta maka takardata ta farko ta neman gafara, ka ce ka yafe tun ranar, ba don ni ba, don Malam Mode. Ta ce tambaya ɗaya ka ba ta ta aiko. Ka ce a tambayi Mijinyawa, lokacin da yake rubuta sunanka, ya yarda har cikin zuciyarsa, ko ruɗin wasa ne kawai?

Kwana tara ina juya amsar da za ta yi maka sauƙi. Na so in ce ƙuruciya ce, na so in ce akwati ne. Amma kai ka kama hannuna ka koya mini yanka yadi, kuma ba ka taɓa barin in ɓoye karkataccen ɗinki cikin kalmasa ba.

Na yarda, Baba. Ban yi shakka ba. Abin da ya fi wannan muni, da na rufe takardar daɗi na ji, ina ganin na fi duk mutanen Boɗinga wayo. Shekarun da na san ka ba su zo mini a rai ba sai bayan na kai takardar gidan waya.

Na gaya ma Alhaji zan bar Badun bayan girbi. Zan biyo ta Shagari in iso ƙofar gidanku in yi sallama. In ka fito, na gode Allah. In ka ce ba ka nan, zan gane, in juya.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai.

Ni ne,
Mijinyawa ɗan Mode