A Bar Rakiya Ta Hau Lilon Kafin Hasken Ya Tafi

Zuwa ga Shugaban wurin shaƙatawa da ke gefen babbar hanyar Kaduna zuwa Kano.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ɗaukaka sama, Ya ba ɗan Adam ido domin ya duba ya yi tunani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ranka ya daɗe, ina gaishe ka, tare da duk wanda takardar nan ta isa hannunsa.

Ni tsoho ne daga wani ƙauye a ƙasar Bagwai, aikina noma da karantar da Alƙur'ani a zauren gidana. Ranar Talatar makon jiya, ɗana Nasiru ya ɗauko mu a mota, ni da maiɗakina Rakiya, daga asibitin ido a Kaduna. Likita ya gaya mana cewa jijiyar idonta tana mutuwa, kuma ɗan hasken da ya rage mata ba zai daɗe ba. Muka kamo hanyar gida. Bayan la'asar sai ta hangi wani abu yana juyawa a sararin sama, ta tambayi Nasiru ko mene ne. Ya ce babban lilonku ne mai kama da ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutane sama cikin kujeru. Ta ce a tsaya.

Ranka ya daɗe, matar nan ba ta taɓa hawa abin da ya fi rumbun mahaifinta tsawo ba. Tana yarinya takan hau shi da kaka, ta hangi gero yana kaɗawa har inda ido ya ƙare. Shekara hamsin muna tare, ban taɓa jin ta roƙi wani abu domin kanta ba sai ran nan.

Ga ƙorafina.

Na farko, ma'aikacinku da ke bakin lilon ya ga Nasiru yana riƙe da hannunta, sai ya ce mai larurar ido ba ta hawa. Na karanta allon dokokinku daga sama har ƙasa, bokon da nake iya karantawa kaɗan ne amma ya isa, ban ga wannan doka ba. Na nemi ganin babba, aka ce ya fita.

Na biyu, ni da na girme ta, nake dogara sanda, gwiwoyina ba sa lanƙwasuwa sai da ƙyar a sallah, ya dubi rawanina ya buɗe mini ƙofa da girmamawa. In don tsaro ne, wa ya fi cancanta a hana?

Na ƙi shiga. Sai Rakiya ta taɓa hannun rigata ta ce, “Malam, hau ka gano mini.”

Na hau. Ƙarar injin da ihun yara suka yi ta raguwa har suka zama kamar maganar da ake ji cikin barci. Gonaki suka buɗe a ƙarƙashina, dawa da masara layi-layi kamar rubutu a allo, wani rafi yana ƙyalli a tsakani, shanu kamar an watsa wake a tabarma. Shirwa ta wuce daidai kafaɗata. Na yi tasbihi. Da na dubi ƙasa, sai na ga Rakiya cikin koren mayafinta, ta ɗaga fuska tana murmushi, tana ɗaga hannu ga wata kujera da babu kowa a ciki.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini ciwo: tun daga nan har gida tana tambayata abin da na gani. Ni da na ƙarar da rayuwata ina fassara wa mutane littattafai, na kasa fassara mata wannan. Duk abin da na faɗa sai ta ce, to sai kuma me?

Roƙona biyu ne. In akwai dokar, a rubuta ta a allo kowa ya gani, a kuma duba ko za a bar mai larura ya hau tare da ɗan rakiya. In babu, a sanar da ma'aikacin nan cikin taushi, domin ba na neman a hukunta shi.

Likita ya ce mu koma farkon watan gobe, kuma ta ƙofarku za mu wuce. In an bar ta ta hau lilon, Nasiru zai zauna a damanta, ni a hagunta. Jiya ta gane ni daga bakin zaure. Ban san ko za ta gane ni daga can a wata mai zuwa ba, shi ya sa nake roƙon kada amsar ta yi jinkiri.

Allah Ya yi maka jagora, Ya albarkaci aikinka, Ya kiyaye maka hasken idanunka da na iyayenka, da na duk mai karanta wannan.

Wassalam.

Malam Habibu na Bakin Rijiya, ƙasar Bagwai.